Wane Zagi Ne Mace Za Ta Wanke Ta Ɗaura?

Masu iya magana sun ce suna linzami ne, sai dai ba su faɗa mana a hannun wa linzamin yake ba. A kan wannan nake so mu ɗan tattauna a wannan fitowa, domin kuwa mu marubuta ba mu da wani jari da ya wuce kalmomi, kuma duk mai sana'a da abu ya kamata ya san amfaninsa ya kuma san cutarwarsa.

A 'yan shekarun nan wata dabara ta yaɗu a tsakanin masu fafutukar kare mutuncin mata a duniya, har ta iso mana ta hanyar waƙoƙi da finafinai da wayoyin hannu. Dabarar kuwa ita ce mace ta ɗauki kalmar da aka saba zaginta da ita, ta kira kanta da ita a bainar jama'a ba tare da sunkuyar da kai ba, da niyyar ta zare wa kalmar dafinta. Wasu na ganin wannan jarumtaka ce, wasu kuwa na ganin rashin kunya ce tsagwaronta. A nawa ɗan nazarin, ɓangarorin biyu duk sun yi gaggawar yanke hukunci, saboda zagi ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ake wankewa a ɗaura kamar zane, akwai wanda ake ɗauka a mayar wa mai shi, akwai kuma wanda ko da wasa bai kamata mace ta amsa ba. Zan kafa hujja da kalmomi uku da muke ji kullum a nan Dawakin Tofa da sauran ƙasar Hausa, wato bazawara da jahila da kuma karuwa.

Maza sun daɗe suna yi

Kafin mu yi nisa, ya kamata mai karatu ya lura cewa juya zagi ya koma yabo ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Je ka filin dambe ko taron 'yan tauri ko na mafarauta ka saurari kirari. Za ka ji ƙato yana kiran kansa mugu, arne, maƙetaci, jama'a kuwa suna ta sowa. Yaro ya yi wata bajinta a filin ƙwallo sai ka ji an ce "shege!", uban yaron yana tsaye a wurin yana murmushi. Hatta iyaye mata masu wabi, waɗanda 'ya'yansu ke mutuwa tun suna jarirai, sukan laƙaba wa sabon jariri suna marar daɗi irin su Ajuji ko Ayashe, don mummunan sunan ya zame masa garkuwa. Ashe ke nan tun fil azal mun san cewa ma'anar kalma tana sauyawa gwargwadon bakin da ya furta ta da kuma wurin da aka furta ta.

Abin lura a nan shi ne, kusan duk wannan sararin na maza ne. A ce wa saurayi ɗan iska, sau da yawa dariya za a yi, wani lokacin ma har ya ji kansa ya ƙara girma. A ce wa budurwa 'yar iska, maganar tana iya fasa aurenta bayan an kawo lefe. Gaskiya ne a cikin ɗaki ƙawa takan ce wa ƙawarta "shegiya" cikin raha, to amma da zarar kalmar ta tsallake zaure ta koma makami. Saboda haka abin da ya kamata mu tambaya shi ne, idan mace ta gwada abin da maza suka saba yi, wa zai ɗauki asarar idan abin ya ƙi?

Abin da ya faru a wasu ƙasashe

Misalai biyu daga ƙasashen Turawa za su haska mana hanya. A Ingila, a shekarar 1906, jaridar Daily Mail ta ƙirƙiro wa matan da ke neman a ba su damar jefa ƙuri'a wani suna na raini, wato "safrajet". An gina kalmar ne da ɗafa-ƙeya mai nuna ƙanƙanci, kamar dai a ce 'yan mitsi-mitsin masu neman ƙuri'a. Matan ƙungiyar Emmeline Pankhurst suka rungumi sunan, har a 1912 suka sa wa jaridarsu shi. A 1918 aka ba wasu daga cikin matan Birtaniya damar zaɓe, a 1928 aka daidaita su da maza, kuma a yau wannan suna abin alfahari ne a ƙasar. Me ya sa ya wanku? Saboda abin da yake faɗa gaskiya ne, ƙuri'a suke nema, kuma neman ƙuri'a ba abin kunya ba ne. Raini ne kawai aka shafa masa daga waje, shi ya sa ya fita.

Misali na biyu daga birnin Toronto ne na ƙasar Kanada. A watan Janairun 2011 wani ɗan sanda ya shawarci ɗalibai a wata jami'a cewa in mata suna so su tsira daga masu fyaɗe, to su daina shiga irin ta 'yan iska. A watan Afrilu dubban mata suka yi maci, suka sa wa macin sunan wannan kalma da ya yi amfani da ita, kafin ka ce kwabo abin ya bazu zuwa birane da dama na duniya. Amma a watan Satumbar wannan shekara wasu mata baƙar fata na Amurka suka fitar da buɗaɗɗiyar wasiƙa. Sun yaba da manufar macin, sannan suka ce su kam ba su da sukunin kiran kansu da wannan suna, domin tun zamanin bauta da irinsa ake halatta cin zarafinsu. Wato abin da wata ta ɗauka ado ne, a jikin wata fami ne. Mu riƙe waɗannan misalai biyu a zuciya, mu dawo gida.

Bazawara

A asalinta wannan kalma babu zagi a cikinta. Bazawara ita ce macen da ta taɓa aure, auren ya ƙare ta hanyar saki ko mutuwar miji, ta gama idda ko takaba, kuma ana iya neman aurenta. Mai neman nata shi ne bazawari, neman kuwa shi ne zawarci, jam'insu ma ɗaya ne, wato zawarawa. A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke aiki da shi, tana da wani 'yanci na musamman, domin ba a ɗaura mata aure sai ta furta yardarta da bakinta. Daɗin daɗawa, duk ɗalibin Islamiyya ya san cewa Nana Khadija ta taɓa aure kafin ta auri Manzon Allah (SAW), kuma in ban da Nana A'isha dukkan matansa sun taɓa aure. To daga ina wulakancin ya samo asali?

Ya samo asali ne daga halin da mu da kanmu muke jefa ta. Ƙasarmu ta Dawakin Tofa cike take da jama'a, gida na jingine da gida, gonaki sun tsattsage saboda rabon gado har wata ba ta wuce a nome ta da safe ɗaya ba. A irin wannan matsi ne mace ke dawowa gidan ubanta da takardar saki a ƙulle a bakin zane, sau da yawa tun ranar da aka sake ta, alhali shari'a cewa ta yi ta zauna a ɗakinta mijin yana ciyar da ita har ta gama idda. Ta tarar ɗakin da ta tashi a ciki an ba ƙaninta ya sa amarya. Gonar da take da rabo a ciki tana hannun yayyenta maza, wai ana noma mata. 'Ya'yanta ko dai an ƙwace su, ko an bar mata su ba tare da ko tiya ɗaya ta dawa ba. Matan yayyenta na kallonta a matsayin ƙarin baki a tukunya, matan maƙwabta na kallonta a matsayin mai harin mazajensu. In ta yi kwalliya a ce farauta ta fito, in ta ƙi yi a ce ƙazanta ce ta kashe mata aure. In ta bi sahun mata zuwa kasuwar Dawanau aikin tsintar riɗi ko gyaran zoɓo don ta sami na sabulu, a ce zawarci ya buɗe mata ido. Shi kuwa wanda ya sake ta, ko sau biyar ya yi saki, sunansa yana nan Malam ko Alhaji. Gwauro ma da ake yi wa tsiya, a tashen watan azumi ake yi, Nalako ya kama shi a yi dariya a watse.

Duk da haka matan Kano sun taɓa ɗaukar wannan suna suka ɗaga shi sama. A watan Janairun 2009 wata ƙungiya ta zawarawa da marayu da ake kira VOWAN, a ƙarƙashin Hajiya Altine Abdullahi, ta shirya fitowa kan titunan birnin domin nuna yawan sake-saken aure da halin da matan ke shiga a bayansa. Hukumar Hisba ta hana fitar. Amma a ganina abin da ya fi macin muhimmanci ya riga ya faru, domin an ji mata a kafafen yaɗa labarai suna kiran kansu zawarawa da bakinsu, suna neman haƙƙi da wannan suna. A 2012 gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta fara shirin aurar da zawarawa ta hannun Hisba, aka fara da mata 100. Gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje, wanda ɗan wannan ƙaramar hukuma tamu ne, ta ɗaura aure 1,500 a 2019, ta Abba Kabir Yusuf kuma ta ɗaura 1,800 a 2023, har da 'yan mata a ciki. Kalmar da ake faɗa a ƙasa-ƙasa ta shiga bakin gwamnoni da malamai.

Don haka ni ina ganin wannan kalma ta wanku, kuma ya dace a ɗaura ta. Macen da ta ce ita bazawara ce ba ta yi wa kanta ƙarya ba, ba ta kuma amsa wani laifi ba. A ƙasar Muritaniya, inda Musulmi ne mabiya Malikiyya kamarmu, mace takan yi lalle danginta su yi mata biki bayan mutuwar aurenta, kowa ya san ana iya nemanta. Wannan ya isa ya nuna cewa kunyar da muka liƙa wa zawarci al'adarmu ce, kuma abin da al'ada ta ƙulla al'ada na iya kwancewa.

Sai dai akwai sharaɗi. Wankin nan ba da baki kaɗai ake yin sa ba. Ma'aikaciya mai albashi a birni tana iya rubuta "bazawara" a gaban sunanta a Facebook ta kwana lafiya, amma 'yar'uwarta da ke Jalli ko Tattarawa ko Marke, wadda ke jiran a ɗebo mata tuwo daga tukunyar matar yayanta, ba ta da wannan sukuni. Shi ma auren da gwamnati ke ɗaurawa, duk da alherin da ke cikinsa, yana tafe da wani zato, wato cewa zawarci cuta ne da ba shi da magani sai aure. Ranar da kalmar za ta wanku tas ita ce ranar da aka bar mace ta yi idda a ɗakinta, aka tilasta wa uba ciyar da 'ya'yansa, aka miƙa mata gonarta ta gado. Marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta gane wannan tun da daɗewa. Da ƙwaryar amada ta yi ta kiran mata su kama sana'a, ta juya zambonta kan macen da ta naɗe hannu, wato ta ɗauke kunyar daga kan mai nema ta ɗora a kan zaman banza.

Jahila

Wannan kalma ta sha bamban da ta farko. Jahilci ba abin ado ba ne, kuma babu macen da za ta so ta dawwama a cikinsa. Amma wa ya jawo shi? A nan ne aikin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ya zama darasi gare mu. Ita kanta an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana wajen shekara 13, auren bai daɗe ba ya mutu, daga baya ta nemi ilimi ta hanyar karatun manya. A 1990 ta fitar da littafi ta sa masa suna Wa Zai Auri Jahila? Labarin yarinya ne mai suna Abu, wadda ubanta ya cire daga makaranta, saurayin da aka yi mata alkawari da shi ya guje ta don ba ta yi karatu ba, aka aurar da ita ga tsoho, ta gudu, ta nemi ilimi har ta zama ma'aikaciyar jinya.

Duba yadda marubuciyar ta yi da kalmar. Ba ta ɓoye ta ba, ta ɗora ta a bangon littafi inda kowa zai gani a kasuwa. Ba ta kuma yi alfahari da ita ba. Ta mayar da ita tambaya, tambayar kuwa tana nuna yatsa ga uban da ya hana karatun da saurayin da ya yi gorin. Mutanen da suka rufe wa yarinya ƙofar makaranta su ne kuma suka dawo suna zaginta da abin da suka jawo mata. Irin wannan zagi shaida ne a kan mai yin sa, kuma aikin mace shi ne ta ɗauke shi ta ajiye a gaban jama'a kamar yadda ake ajiye kayan sata a gaban alƙali. Haka ya kamata a yi da 'yan'uwansa, irin su 'yar talla da baƙauyiya da juya, waɗanda dukkansu gori ne a kan abin da mace ba ita ta zaɓa wa kanta ba.

Mu marubuta ma mun ɗanɗani irin wannan. Lokacin da littattafan soyayya suka cika Kano, aka laƙaba musu suna Adabin Kasuwar Kano, sunan da aka fi danganta shi da Ibrahim Malumfashi, kuma marubuta da yawa a lokacin sun ɗauke shi a matsayin raini. Ɗaya daga cikin ƙungiyoyin farko, wadda su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba suke ciki, sunanta Raina Kama, wato tun daga sunan an amsa rainin an kuma yi alkawarin gayya. Yau ana nazarin waɗannan littattafai a jami'o'i, an kuma fassara Alhaki Kuykuyo Ne zuwa Ingilishi an buga shi a Indiya a 2012. Aiki ne ya wanke sunan, ba musu ba.

Karuwa

A nan ne na rabu da masu cewa kowane zagi ana iya ɗaura shi. Masu bincike irin su Renée Pittin, wadda ta yi nazari a Katsina a shekarun 1970, da Barbara Cooper, wadda ta yi nata a Maraɗi, sun nuna yadda ake miƙa wannan kalma har ta rufe kusan duk macen da ta balaga, ba ta da aure, kuma ba ta zaune a ƙarƙashin wani namiji. Sun kuma nuna cewa a zamanin siyasar neman 'yancin kai, da yake matan aure suna kulle, jam'iyyu sun dogara ƙwarai da matan da ke ƙarƙashin magajiya wajen cika taro da waƙa da yaɗa manufa. Sakamakon haka duk macen da ta taka filin siyasa, ko wace ce ita, sai abokan hamayya su jefe ta da wannan kalma.

A cikin wannan yanayi Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta tashi. An haife ta a 1933, ta shiga jam'iyyar NEPU tana yarinya, ta jagoranci ɓangaren mata, aka ɗaure ta sau da dama aka kuma ci zarafinta, saboda tana neman a ba matan Arewa ilimi da ƙuri'a. Matan kudancin ƙasar nan sun jefa ƙuri'a a zaɓen 1959, na Arewa kuwa sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976. Sunan da ta ɗaura, wanda kuma ta rasu da shi a 2001, shi ne Sawaba, kiran jam'iyyarta na neman sauƙi ga talaka. A yau akwai asibiti mai sunanta a Zariya. A yau kuma mata na yin dogon layi ranar zaɓe a Dawanau da Kwa da Tumfafi da hijabansu da goyonsu, babu wanda zai kalle su ya faɗi waccan kalma. Kalmar ta janye daga filin zaɓe ba tare da kowa ya rungume ta ba. Yawan matan da suka fito ne ya kore ta.

Bambancin a fili yake. Idan aka ce wa malamar asibiti ko 'yar fim ko mai sayar da abinci a tasha karuwa, ba a faɗi halin da take ciki ba, ƙage aka yi mata. A shari'a sunan wannan ƙazafi, kuma aya ta 4 ta Suratun Nur ta yanke bulala 80 ga wanda ya jefi mace kamila da alfasha bai kawo shaidu huɗu ba. Macen da ta amsa wannan suna don ta nuna ba ta jin tsoro ta yafe wa maƙaryaci bashin da take binsa. Kuma ba ita kaɗai za ta ɗauki asarar ba. Gobe uba a ƙauye zai ji labari, ya ce ga abin da boko ke haifarwa, ya cire 'yarsa daga makaranta. Haka za a sake haifar wata Abu.

Hujjar ɗaya ɓangaren

Adalci ne mu saurari masu saɓanin wannan ra'ayi, domin hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa wannan kalma bulala ce da ake kaɗa dukkan mata da ita, kuma muddin mata na firgita da ita to za ta ci gaba da aiki. Suna kuma cewa, idan kowace mace ta tsaya tana rantsuwa ita ba karuwa ba ce, ai ta yarda ke nan akwai wasu mata da suka cancanci a wulakanta su, ta tsira da nata mutuncin ta hanyar taka nasu.

Magana ta farko tarihin ƙuri'a ya amsa ta. Magana ta biyu kuwa tana da nauyi, kuma ta shafe mu kai tsaye. Hatta a Alhaki Kuykuyo Ne, Rabi bazawara ce da muke tausaya wa yayin da take sayar da abinci don ta riƙe 'ya'yanta tara, amma Delu, matar bariki da ta shigo gidan, ita ce ta kwashi baƙin jinin mai karatu. Haka yawancin littattafanmu da finafinanmu suke. Ba kasafai muke tambayar yadda irin su Delu suka isa inda suke ba, alhali da yawa daga cikinsu hanyar da ta kai su ta faro ne daga auren dole ko sakin wulakanci, wato daga ƙofar da bazawararmu ta fito. Ba kasafai kuma muke ba namijin da ke zuwa wurinsu suna mai nauyin nasu ba. Saboda haka ƙin amsa ƙazafi bai ba kowa lasisin jifan waɗannan mata ba. Mace tana iya cewa ƙarya aka yi mata ba tare da ta tofa wa wata yawu ba.

Akwai ma wata ɓarna da muka yi wa harshe a nan. Da aka ga kalmar ta yi kaushi a rediyo, sai aka koma cewa "mata masu zaman kansu". Da wannan sakayawa muka ɗauki jimla mai kyau muka ɓata ta. Yanzu malamar makaranta da mijinta ya rasu, wadda ke zaune a gidan da ta gina da guminta tana riƙe da marayunta, ba ta da sunan da za ta kira kanta da shi, domin zaman kai ya zama zagi. A ce namiji mai zaman kansa ne yabo ne, a ce mace mai zaman kanta ce an gama da ita. In akwai abin da ya cancanci mata su ƙwato, to wannan jimla tana sahun gaba, domin abin da take faɗa a zahiri babu aibi a cikinsa.

Abin da ya rage gare mu

'Yan'uwana marubuta, musamman masu tasowa, ma'aunin da nake ba da shawara mu riƙe mai sauƙi ne. Idan kalma ta zo bakin alƙalaminka, tambayi kanka, shin gaskiya take faɗa game da matar ko ƙage? In gaskiya ce, akwai laifi a cikin abin ko babu? In akwai laifi, na wane ne? Sannan ka tambayi kanka wace mace ce za ta kwana da sakamakon abin da ka rubuta, ta birni mai albashi ko ta ƙauye mai jiran tuwo.

A aikace, ina ganin lokaci ya yi da za mu daina kawo bazawara a labari don kawai ta ƙwace mijin wata ko ta zama abin dariya. Mu rubuta ta tana ƙidaya kuɗin adashi, tana kai ƙara kotu a kan ciyar da 'ya'ya, tana ƙin bazawarin da bai yi mata ba, tana kuma auren wanda ya yi mata in ta ga dama. Kada kuma mu ɗauka cewa dole kowane labarinta ya ƙare da ɗaurin aure kafin a ce ya yi kyau. In mun sa wani ya kira mace karuwa a cikin labari, to mu bar mai karatu ya ga abin da kalmar ta rushe, kada ta wuce kamar gaisuwa. Kalmomin da yara mata ke karantawa a littattafanmu yau, da su za su auna kansu ranar da aure ya yi daɗi ko ya ƙi.

A nan zan dasa aya. Na san akwai 'yan'uwa mata a wannan ƙungiya da suka fi ni sanin zafin waɗannan kalmomi, tun da mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Fili a buɗe yake gare su, da duk mai ra'ayi saɓanin nawa, a fitowa ta gaba.